Tambaya da Amsa: Me ya sa kunne ya fi karkata ga mummunan labari?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, kuma duk da cewa masu su ba su san juna ba, abu ɗaya suke kewayawa. Mun taƙaita su saboda ƙarancin wuri, mun kuma sakaya sunaye kamar yadda aka saba.

Tambaya: Ni malama ce a wata makarantar firamare. Duk dare idan na kammala aikin gida na ɗauki waya, sai in tarar idona ya tsallake labarin yaron da ya ci gasar karatu ko asibitin da aka buɗe, ya sauka kan hari, ko sace mutane, ko mutuwar auren wata. Ina karantawa gabana yana faɗuwa, amma ba na iya ajiye wayar. Shin wannan mugun hali ne a zuciyata, ko kuwa wani ciwo ne? *Daga wata malama, Zariya.*

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki ta wannan fuska, domin abin da kika bayyana ba alamar mugunta ba ce, kuma ba ke kaɗai ba ce a cikinsa. Halitta ce da aka gina ɗan Adam a kanta, kuma asalinta tsaron rai ne. Ki ɗauki manomi da ke tafiya a hanyar gona da sassafe, ya ji motsi a cikin ciyawa. Idan ya zabura ya ja da baya, sai ya tarar ƙadangare ne, babu abin da ya rasa illa ɗan numfashi. Idan kuwa ya yi ko in kula alhali kububuwa ce, to wannan kuskure ɗaya ya isa ya raba shi da duniya. Kurakuran biyu ba nauyinsu ɗaya ba, shi ya sa jiki ya gwammace ya zabura sau ɗari a banza da ya yi sakaci sau ɗaya a inda ba a yafewa. Da Bahaushe ya ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, ai ba labarin suna ko na biki yake nufi ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna auna wannan. A shekarar 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba ƙarfi a zuciyar mutum, kuma daga baya suka kiyasta cewa ya kai kusan ninki biyu, wato baƙin cikin ɓatan dubu goma ya fi farin cikin tsintar dubu goma nesa ba kusa ba. A shekarar 2001 kuma Roy Baumeister da abokan aikinsa suka tattara bincike masu yawa da aka yi kan aure, da abota, da tarbiyya, da lafiya, suka tarar kusan ko'ina mummunan abu ya fi kyakkyawa barin tabo. Ke da kike aikin koyarwa kin san wannan ba tare da an kawo miki sunan kowa ba. Iyaye goma za su yaba miki a ranar raba sakamako, uba ɗaya ya faɗa miki magana mai ɗaci a bakin ƙofar aji, kuma maganarsa ce za ki kwana da ita.

Akwai wani gwaji da ya yi daidai da halin da kika bayyana. Wasu masu bincike biyu a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, Marc Trussler da Stuart Soroka, sun gayyato mutane suka ce musu za a gwada wata na'ura da ke bin motsin ido, suka buƙaci kowa ya zaɓi labarin siyasa da ya ga dama a allon kwamfuta ya karanta kafin a fara ainihin gwajin. Ashe zaɓin labarin shi ne abin da ake dubawa. Sakamakon da suka wallafa a 2014 ya nuna mutanen sun fi ɗaukar labarin cin hanci, da rikici, da gazawa, har da waɗanda da aka tambaye su suka ce sun fi son labari mai daɗi kuma 'yan jarida sun cika kawo sharri. Baki ya faɗi abu ɗaya, ido ya aikata wani. Kada a ce halin Turawa ne kawai: a 2019 Soroka da wasu abokansa sun faɗaɗa binciken zuwa ƙasashe 17, ciki har da Gana da Senegal, suna auna bugun zuciya da gumin fata yayin da mutane ke kallon rahotannin talabijin, kuma a dunƙule jiki ya fi motsawa idan labarin marar daɗi ne. Sai dai sun lura da wani abu da ba a cika ambata ba, wato bambanci tsakanin mutum da mutum yana da yawa, har akwai mutane da dama da labari mai daɗi ya fi motsa su. Saboda haka karkata ce ta halitta, ba ƙaddarar da ba a iya lanƙwasawa ba.

Dalili na biyu ba a jikinmu yake ba, a siffar labarin kansa yake, kuma a ganina shi ne wanda aka fi mantawa. Sharri yakan auku farat ɗaya, yana da rana da sa'a da wuri da hoto. Alheri kuwa yawanci a hankali yake ginuwa, ko ma ya zo a matsayin abin da bai faru ba, kuma babu mai ɗaukar hoton abin da bai faru ba. Ki tambayi duk wanda ya girma a karkara kafin shekarun 1990 game da kurkunu, yadda yake kwantar da magidanci a tsakiyar damina, ƙafa a kumbure, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan har tsawon makonni, gona kuwa ciyawa ta cinye. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙidaya sama da mutum 650,000 da ke ɗauke da shi a Nijeriya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. Wannan babban al'amari ne a rayuwar talaka, amma ba a rana ɗaya ya faru ba. Ya faru ne ta hanyar tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyin burtsatse, da ma'aikatan sa-kai da ke zagaya ƙauyuka shekara da shekaru, don haka babu daren da mutane suka kwana suna tura wa juna labarinsa. Haka aka yi ranar 25 ga Agusta 2020 da aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar shan-inna ta asali, shekara huɗu bayan ganin ta na ƙarshe a Borno: an yi labarin yini ɗaya, aka wuce. A yankunan Maraɗi da Damagaram manoma sun raya bishiyoyi da aka kiyasta sun kai miliyan 200, gawo da sauransu, ta hanyar barin tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu, kuma da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla yau suka fara jin haka.

Abin da ke biyo baya shi ne ƙwaƙwalwa tana auna yawan abu da saurin tuna shi. Abin da ya zo da hoto mai firgitarwa yana saurin faɗowa a rai, sai mutum ya ɗauka shi ya fi yawa. A duniya baki ɗaya, yaran da ke mutuwa kafin su cika shekara biyar sun ragu daga sama da miliyan 12 a 1990 zuwa ƙasa da miliyan 5 a 2022, duk da ƙaruwar jama'a, amma ki tambayi mutane a kowace majalisa, mafi yawa za su rantse miki cewa komai na duniya baya yake ci.

Zan ƙara da abu ɗaya da ba zan wanke kowa daga gare shi ba. A cikin jerin da kika kawo akwai hari da sace mutane, akwai kuma mutuwar auren wata, kuma waɗannan ba jinsinsu ɗaya ba. Na farko tsoro ne ke jan mutum zuwa gare shi. Na biyu kuwa sau da yawa abin da ke ja shi ne ɗan sanyin da zuciya ke ji idan ta ga wanda ake ganin ya fi ta ya yi tuntuɓe, da kuma daɗin samun abin faɗa gobe a ɗakin malamai. Wannan ba tsaron rai ba ne, gulma ce da ta samu waya, kuma shi ne ɓangaren da ya cancanci mutum ya tuhumi kansa a kai.

Tambaya: Ni dattijo ne, na fara sauraron rediyo tun ana kunna ta da manyan batura. A ganina laifin 'yan jarida ne da waɗannan yara masu shafuka a intanet. Su ne ba sa kawo komai sai tashin hankali don su samu kuɗi. Me ya hana hukuma ta tilasta musu kawo labarin alheri? *Daga wani dattijo, Katsina.*

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Rabin maganarku gaskiya ce, sauran rabin kuma, tare da girmamawa, yana komowa kanmu masu sauraro. An taɓa gwada abin da kuke nema ba tare da tilas ba. A watan Disamba 2014 wata kafar labarai ta intanet a birnin Rostov na ƙasar Rasha ta keɓe yini guda ba ta buga komai ba sai labari mai daɗi, har labaran da ba su da daɗi ta juya su ta fuskar alheri. A wannan yini ta rasa kashi biyu cikin uku na masu karanta ta, washegari ta koma kan haɗarin mota da fashewar bututu. Wani bincike da aka wallafa a 2023, wanda ya duba kanun labarai sama da 100,000 da wata kafa a Amurka ta gwada a kan masu karatunta, ya gano cewa kowace kalma marar daɗi da aka ƙara a kan labari tana ƙara yawan masu latsa shi da kimanin kashi 2 cikin ɗari, kalmomi masu daɗi kuwa rage su suke yi. Mai shafi yana ganin waɗannan alƙaluma a wayarsa kowace safiya, ba sai wani ya koya masa ba.

Amma ba zan ce laifin ya rabu daidai ba, domin akwai wanda ya san raunin mutane ya kuma gina kasuwa a kansa. A da edita ne ke zaɓar abin da za a karanta a labaran ƙarfe bakwai, kuma idan an gama an gama, sai a sa waƙa ko gaishe-gaishe. Yanzu wani tsarin lissafi ne a cikin manhaja ke zaɓa wa kowa abin da zai gani, kuma abin da aka ɗora masa shi ne ya riƙe ido a kan allo gwargwadon iko, saboda a nan kuɗin talla yake. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsu Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa akwai lokacin da kamfanin yake ba alamomin motsin rai, ciki har da alamar fushi, nauyi ninki biyar a kan alamar so ta yau da kullum, kafin daga baya ya sauya. Ma'ana, rubutun da ya fi harzuƙa mutane shi ake ƙara turawa gaban wasu.

A nan ne haɗarin ya wuce ɓata rai, domin ƙarya ta fi gaskiya iya ɗaukar siffar da ke firgitarwa, tun da babu abin da ya ɗaure ta. Masu bincike a cibiyar MIT ta Amurka sun bi sawun labarai kimanin 126,000 a Twitter, suka wallafa a 2018 cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu tura shi gaba da kashi 70 cikin ɗari, kuma mutane ne ke yin turawar fiye da na'urori. Mu ma mun ɗanɗana. Za ku tuna daren nan na watan Agusta 2014 da aka riƙa tashin mutane daga barci da kiran waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha saboda Ebola. Aƙalla mutum biyu sun mutu sanadin gishirin, wasu aka kwantar a asibiti, alhali cutar kanta mutum 20 ta kama a duk faɗin Nijeriya, 8 suka rasu, kuma a ranar 20 ga Oktoba na wannan shekara aka tabbatar an shawo kanta. Wanda ya fi wannan muni shi ne na Filato a watan Yuni 2018. An yi kashe-kashe na gaske a yankin Gashish, amma binciken BBC ya nuna cewa wasu daga cikin hotunan da suka fi tayar da hankali da aka yaɗa a Facebook ba na wurin ba ne, har akwai bidiyon da aka ɗauka a Kongo-Brazabil tun 2012. Washegarin ranar da aka yaɗa hotunan aka tare hanya aka fito da matafiya daga motoci aka kashe su, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Game da tilasta wa kafofi kuwa, Baba, a nan na saɓa muku. Ku da kuka ga zamanin mulkin soja kun san irin labaran da rediyon gwamnati ke kawowa idan aka ce sai alheri za a faɗa, kun kuma san dalilin da ya sa mutane suka riƙa murɗa akwatinsu zuwa tashoshin waje da asuba. Mummunan labari na gaskiya shi ne ke tona asirin wanda ya cinye kuɗin magani, shi ne ke sa a kai ɗauki ƙauyen da aka manta. Abin da ya kamata a nema daga ɗan jarida shi ne ya tabbatar kafin ya buga, ya faɗi girman abu daidai yadda yake, ya kuma koma bayan wata shida ya gaya mana yadda aka ƙare. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi yin sakaci da shi, shi ya sa muke jin ranar da aka sace mutane, ba ma cika jin ranar da suka dawo gida ba. Abin da ya rage namu kuwa malamai sun sha faɗa a kan mumbari, daga ayar Suratul Hujurati da ta yi umarni a bincika labari kafin a yi aiki da shi, zuwa hadisin da ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Yatsan da ke tura saƙo zuwa zaure goma na WhatsApp yana cikin wannan hukunci.

Tambaya: Ni direba ne, ina jigila tsakanin Gusau da Funtuwa. Masu cewa a daina bin labarai ba su san halin da muke ciki ba, domin ni in ban ji halin hanya ba ina iya faɗawa hannun 'yan bindiga. Amma gaskiya barci ya ƙaurace mini, kuma bidiyon gawarwaki da ake turowa a zaurenmu na direbobi ba ya fita daga idona. Yaya zan yi? *Daga wani direba, Gusau.*

Amsa: Malam, Allah ya tsare hanya. Ba zan ce ka rufe kunne ba, domin shawarar da ta dace da wanda ke zaune lafiya a ofis ba ta dace da kai ba. Kai kana cikin ainihin yanayin da aka halicci wannan faɗaka dominsa: haɗarin na kusa ne, na gaske ne, kuma akwai abin da za ka iya yi a kansa. Matsalar ita ce abu biyu sun cakuɗe a wayarka. Saƙon abokin aikinka da ya wuce ta wani gari da hantsi ya ce an tare hanya, a dakata, wannan labari ne da ke canza abin da za ka yi a sa'a mai zuwa. Bidiyon gawarwaki da ba ka san ranar da aka ɗauke shi ba, ba ka san garin ba, wataƙila ma ba ƙasar nan ba ce, ba ya ƙara maka sanin hanya ko taƙi ɗaya, amma jikinka yana karɓarsa kamar a gabanka abin yake faruwa, zuciya ta buga, barci ya gudu.

Kada ka ɗauka kallo ba ya lahani. Bayan harin bam da aka kai wurin gasar gudu a birnin Boston na Amurka a watan Afrilu 2013, masu bincike sun tarar cewa waɗanda suka riƙa bin labarin a kafofi na sa'a shida ko fiye a kullum sun nuna alamun firgici fiye da waɗanda ke wurin ko kusa da wurin lokacin da abin ya faru. Wanda ke wurin sau ɗaya abin ya same shi, mai kallo kuwa maimaita masa ake yi. A aikinka wannan yana da wani haɗari na daban, domin direban da bai yi barci ba yana ɗauke da rayukan fasinja a kan titi mai ramuka, kuma gyangyaɗi a kan sitiyari ba ya buƙatar ɗan bindiga.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ku zauna da shugabannin tasharku ku raba zauren gida biyu. Ɗaya ya zama na halin hanya kawai, da sharaɗin duk mai turo saƙo ya faɗi wuri da lokaci, ya kuma faɗi ko da idonsa ya gani ko ji ya yi, kuma idan hanya ta buɗe a dawo a sanar, kada a bar saƙon safe yana yawo har dare. Hotuna da bidiyon gawa a hana su a cikinsa gaba ɗaya, saboda lafiyarku da kuma mutuncin mamatan da iyalansu. A wayarka ka shiga saitin WhatsApp ka kashe saukar bidiyo da hoto kai tsaye, yadda babu abin da zai buɗe sai ka zaɓa, wanda kuma zai rage maka cin data. Ka duba halin hanya kafin ka yi lodi da kuma lokacin da ka tsaya a hanya, amma bayan sallar isha'i, tun da ba tafiyar dare za ka yi ba, babu saƙon da ba zai iya jiran asuba ba. Idan kuma bayan makonni rashin barcin bai sassauta ba, ko hotunan suna dawo maka kana tuƙi, ko ƙarar fashewar taya tana sa jikinka rawa, ka je asibiti ka faɗa wa likita kamar yadda ka faɗa mana, ka kuma guji sayen ƙwayar barci a kemis ba tare da takardar likita ba, domin wasunsu suna barin mutum da magagi har washegari.